Abin da Ya Tsiro a Idon Mai Agogo

Da ido ɗaya Mai Agogo yake aiki, na dama. Na hagun tun yana ƙarami ƙyanda ta bar masa hakiya a ciki. Yana ganin haske da shi, yana ganin gilmawar mutum, amma ko fuskar matarsa ba ya rabewa. To, na daman nan fa, tubarkalla! Idan ya maƙala ɗan gilashinsa a kai ya sunkuya, sai ya hango abin da ni ko zan wuni ina zare ido ba zan gani ba.

Gidan haya ɗaya muke, ƙofata tana kallon tasu. Shi da matarsa Maman Biyu da tagwayensu mata. Ni kuwa tsufa ya zaunar da ni, ba ni da aiki sai zaman bakin ƙofa da sa baki a abin da ba a tambaye ni ba, shi ya sa kusan komai a gabana aka yi. Kullum da safe in zai fita sai ya tsokane ni.

"Amarya, ashe har yanzu kina nan? Na ɗauka cikin dare an wuce."

"Ina zan tafi in bar ka, angona? Wa zai kwashe ka da ido ɗaya?"

"Ido ɗayan nan ya fi naki biyu."

Kuma gaskiyarsa ne.

Teburinsa yana bakin titi, a gindin wata bishiya kusa da inda motoci ke tsayawa. Teburi ne mai gilashi a sama, agogunan mutane jere a ciki, kowanne ya san mai shi da ka. A ƙasa kuma gwangwanaye ne cike da kayan cikin matattun agoguna, domin shi ba ya zubar da komai. In abu ya lalace a agogo sai ya duba gwangwani. In babu, ya naɗe mataccen a takarda ya nufi kasuwa, ya ajiye a gaban mai shago ya ce a ba shi irinsa sak. Bai taɓa wahalar da kansa da sunan abu ba. Ya ce suna na masu karatu ne, shi dai a ba shi irinsa. Da haka ya ci, da haka ya sha, da haka ya sa 'ya'yansa a makaranta, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Wata rana bayan an sha ruwan sama, wani reshe ya sunkuyo yana ɗiga masa ruwa a kan teburi. Ya hau benci ya kama shi zai karya, reshen ya kufce ya tsula masa a ido. Na daman.

Da rana tsaka sai ga shi ya shigo gida, hawaye na bin kumatu ɗaya. Ya ce akwai abu a ciki, yana jin sa kamar tsakuwa. Ya zauna a tsakar gida inda haske ya fi yawa, ya sa Maman Biyu ta riƙe masa madubi da hannu ɗaya, babban gilashin ƙara girma da ɗaya hannun. Shi kuma ya ɗaga fatar idon da yatsa, ya ɗauko ɗan hantsakin da yake tsintar kayan agogo da shi.

Na ce, "Kai! Idon naka za ka sa wa ƙarfe?"

Ya ce, "Iya, rufe naki idon in ba ki iya kallo. Na ciro abin da ya fi wannan ƙanƙanta a wurin da ya fi wannan matsi."

Hannunsa ko rawa bai yi ba. Ya ciro wani ɗan ɓawon itace da bai kai ƙwayar riɗi ba, ya ɗora a farcensa yana zagayawa da shi yana nuna mana. "Ga ɓarawon nan. Likita me zai yi da ya wuce haka?" Muka yi ta dariya, har Maman Biyu tana cewa ya kamata ya buɗe asibiti a gefen teburin.

Washegari idon ya yi jajir, yana zugi. Sai Maman Biyu ta tuna da wata 'yar kwalba. A bara tagwayen sun yi jan ido, irin wanda kwantsa ke liƙe ido da safe sai an sa ruwan ɗumi, aka ba su maganin ɗigawa a asibiti, nan da nan suka warke. Sauran yana cikin gwangwanin da take ajiye magunguna. Babu wanda ya ga aibun haka a duk gidan. Jan ido ne, ga kuma maganin jan ido.

Kuma ya yi aiki, abin mamaki. Jan ya washe, zugin ya kwanta, mutum ya koma teburinsa yana fito. Sai dai wani ɗan farin ɗigo da ya rage a kan baƙin idon. Kowace safiya sai ya duba shi a madubi da gilashinsa, ya ce tabo ne, wurin da ya ciro ɓawon ne yake haɗewa.

Da kwalbar ta ƙare, jan ya dawo har ya fi na da. Kun san abin da ya yi? Ya naɗe kwalbar a takarda, ya nufi shagon magani, ya ajiye ta a kan kanta ya ce a ba shi irinta sak. Aka ba shi. Jan ya sake washewa. Da ta ƙare ya sake komawa.

Farin ɗigon kuwa bai tsaya ba. Ya kai ƙwayar shinkafa, ya wuce. Shi da kansa yake ba mu labarinsa, kamar wanda ya ga abin sha'awa. Ya ce gefensa ba a yanke yake ba, sai ka ce gashin tsuntsu, kuma ga wasu ƙananan ɗigo sun fito a kewaye da shi kamar kaza da 'ya'yanta. Ya fara neman noti a kan teburi alhali yana gabansa. Ya fara kare fuska da hannu in ya fito rana. Maman Biyu ta ce a je asibiti, ya ce aikin mutane ya taru, kuma ai ba ya jin ciwo sosai, abin da ba ya ciwo ina haɗarinsa?

Wata safiya ya fito ya wuce ni ko uffan.

Na ce, "Angona, yau kuma fushi ake da ni?"

Ya tsaya, ya juya yana murmushi, amma wajen randa ya fuskanta, ba wajena ba. Na tashi na kama haɓarsa na juyo da shi wajen haske. Farin ya rufe tsakiyar idon, kuma a ƙasan baƙin wani abu ya kwanta kamar madarar da ta rage a gindin kofi. Na ƙwala wa Maman Biyu kira, na ce ta ɗauko mayafinta.

Mu uku muka tafi, shi a tsakiya. A asibitin ido muka sami dogon benci cike da tsofaffi irina, kowa da mai jan hannunsa. Mai Agogo ya sunkuyo ya raɗa mini, "Amarya, ga 'yan ajinku nan, ki zaɓi miji." Na ce ya yi mini shiru. Dariyar ba ta zo mini ba.

Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar jikata ba, mai tabarau da saurin magana. Ta sa ya ɗora haɓa a kan wani ƙarfe, ta haska idon da siririn haske, ta daɗe tana dubawa. Saurin maganar ya ragu.

"Malam, me ya shiga idon nan?"

"Reshe ne, ranki ya daɗe. Amma na ciro abin da kaina."

"Me aka sa masa?"

Maman Biyu ta zaro kwalbar daga jaka ta miƙa da hannu biyu. "Wannan ne, Likita. Ba mu taɓa tsallake lokaci ba, ni nake ɗiga masa da kaina."

Likita ta karanta jikin kwalbar, ta ajiye ta can gefe, ba ta mayar mata ba. Ta ɗiga masa abin kashe zafi, ta kankaro wani ɗan abu daga kan farin, ta shafa a gilashi ta shiga ɗakin da ke kusa. Da ta dawo sai ta jawo kujera ta zauna dab da shi.

"Malam, maganin nan ba na cutarka ba ne."

"To ai shi ya warkar da yarana. Ja ne, ja ne. Ƙwayar cuta ba ƙwayar cuta ba ce?"

"Wace sana'a kake yi?"

"Gyaran agogo."

"Agogo duk ɗaya ne?"

Ya ɗan yi dariya. "Ina! Akwai mai batir, akwai wanda ake wanawa, akwai mai tafiya da motsin hannu. Fuska ɗaya, ciki daban."

Ta ce, "To haka su ma. Abin da ya kama yaranka, da alama bakteriya ce. Ita halitta ce mai cin gashin kanta, tana ci, tana rabewa biyu, biyun su zama huɗu, tana zubar da guba a inda ta sauka, shi ne kwantsar da kuka gani. A cikin kwalbar nan akwai abin da ke kashe ta. Wannan idon na hagu fa, me ya same shi?"

"Ƙyanda, tun ban san kaina ba."

"Ita kuma bairos ce ke kawo ta. Ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ta iya haihuwa da kanta. Sai ta kutsa cikin ƙwayoyin jikin mutum ta mayar da su masu yi mata aiki, su yi ta ƙera irinta har su lalace. Maganin bakteriya ko a jikinta."

Na ce, "'Yar nan, su nawa ne wai? Ba su da aikin yi sai mu?"

"Da sauransu, Iya. Akwai masu zaman cin arziki a jikin mutum, irin tsutsar ciki da abin da sauro ke zubawa a jini. A kan bencin can akwai wanda tsutsa ce ta makantar da shi. Kowanne da hanyarsa, kowanne da maganinsa." Ta juya wajen Mai Agogo. "Naka ba ko ɗaya a cikinsu. Ka san funfuna, wadda ke fitowa a kan burodi in ya kwana biyu, ko a jikin bango mai danshi? Danginta ne. Su ne masu kawo makero da ƙyasbi. Suna zaune a jikin itace da ganye da ƙasa. Reshen ya yage fatar nan mai haske da ke saman baƙin ido, ya shuka maka irinta a ciki. Ka ciro ɓawon, amma irin ya zauna. Ita tsiro take yi. Tana miƙa zare kamar saiwa, tana narkar da naman da ke gabanta tana sha, tana ƙara nutsawa."

Maman Biyu ta ce, "Amma Likita, wallahi yana jin sauƙi in an ɗiga. Jan yana tafiya, da idona nake gani."

Likita ta dubi kwalbar. Na ga tana neman yadda za ta faɗa.

"Magani biyu ne a haɗe a kwalbar. Ɗaya na kashe bakteriya, wannan bai yi komai ba. Ɗayan na kwantar da kumburi ne. Jan nan da zugin nan da kuke gani, ba su ne cutar ba, jiki ne yake faɗa da ita. Duk ɗigon da aka sa, sai ya ce wa masu faɗan su koma su kwanta. Ita kuma ta samu fili."

Maman Biyu ta dubi hannunta na dama. Sai ta tura shi cikin mayafi.

Mai Agogo ya ce, "Likita, ina so in ga funfunar nan."

Ta kama hannunsa muka shiga ɗakin da na'urar take, irin mai nuna abin da ido ba ya gani. Ya lalubi bakinta da yatsa, ya kara idon hagu kamar yadda ya saba kara na dama a gilashinsa. Ya juya kai nan, ya juya can. Ya gwada na daman, hawaye ya zubo. Ya daɗe a sunkuye kafin ya ɗago.

"Haske kawai. Maman Biyu, duba ki gaya mini."

Ta sunkuya ta duba. Ta ce, "Zare ne, Baban Biyu. Kamar zaren da ya harɗe a cikin keken ɗinki. Yana da rassa, kowane reshe da nasa rassan."

"Yana da yawa?"

"Da yawa."

Ya gyaɗa kai. "Na gan shi fa. Kullum ina ganin gefensa a madubi. Na ɗauka haɗewa yake."

Likita ba ta ɓoye mana ba. Ta ce abin ya yi zurfi. Ta ce akwai wuraren da ake yanke fatar saman baƙin idon a dasa wata, amma su a nan ba su da wadda za su dasa. Ta ba da wani magani na funfuna, ta ce a ɗiga kowace awa, dare da rana, a riƙa dawowa tana dubawa, tsohon maganin kuwa ko kusa da idon kada ya sake zuwa. Ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta, amma ba ta yi alkawari ba.

Wayyo, 'ya'yana, kada Allah ya nuna muku kwanakin da suka biyo baya. Da aka daina tsohon maganin, duk ciwon da ya danne sai ya taso gaba ɗaya. Idon ya kumbura, sabon maganin kuma zafi kamar barkono. Mutumin da ko ciwon kai ban taɓa jin ya yi ƙorafi a kai ba, sai ga shi yana dafe bango yana nishi. Aka rufe taga da bargo domin haske ya zama abokin gaba. Tagwayen suka koma ɗakina da kwana. Maman Biyu ta rame, idonta ya faɗa, ba ta da aiki sai kallon agogon bango da wanke hannu.

Wata rana da hantsi ina bakin ƙofa na ji shi.

"Maman Biyu, ɗigo ɗaya."

"Lokaci bai yi ba tukuna."

"Ba wannan ba. Wancan."

"Yana wajen likita, ka sani."

"Shagon yana nan inda yake. Sun san ni, ki ce irin na Mai Agogo. Ɗigo ɗaya in samu in runtsa, don girman Allah."

"Ba zan saya ba."

"Ni nake aikenki!"

"Ko za ka sake ni, ba zan saya ba. Da hannuna na ciyar da abin nan har ya girma, ba zan ƙara masa ko loma ɗaya ba."

Na ji ƙarar kofi a jikin bango. Ta fito ta tsuguna a bayan ƙofa ta toshe baki da zani. Da awa ta cika ta tashi, ta wanke hannu, ta koma ciki. Ya buɗe mata idon da kansa.

Aka yi ta zuwa asibiti ana dawowa. Wani zuwan likita ta ce kamar ya tsaya, mu dawo da murna. Wani zuwan ta duba ta yi shiru.

Ran nan da yamma ya yi atishawa, sai ya ji wani ruwa mai ɗumi ya gangaro masa a kumatu. Ya sa hannu ya shafa. Can ya ce, "Maman Biyu! Iya! Ciwon ya tafi." Muka rugo. Ya ce wallahi kamar an zare masa ƙusa. Har ya nemi abinci, ya ci da yawa, ya tsokani tagwayen. Maman Biyu ta yi ta hamdala, ni ma na taya ta. A ranar kowa a gidan ya yi barci.

Da safe likita ta ɗaga fatar idon, ta sake ta a hankali. Ta cire tabaronta ta riƙe a hannu.

"Malam, fatar da ke saman baƙin idon ta huje. Ruwan idon ne ya fita, shi ya sa nauyin ya sauka. Cutar ta shige can ciki. Idon nan ba zai ƙara gani ba, kuma in muka bar shi, tana iya wucewa gaba. Sai an cire."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Maman Biyu ta dafa bango. Shi kaɗai ne bai motsa ba.

Ya ce, "To na hagun fa? A kankare hakiyar mana. Cikinsa ai lafiya lau ne, ba a taɓa aiki da shi ba, sabo ne."

"Idon da bai koyi gani tun yarinta ba, Malam, ko an share masa hanya ba ya koya daga baya. Zai dai ci gaba da nuna maka dare da rana."

Ya ce, "Dare da rana." Ya sa hannu ya dafa ƙarfen da ake ɗora haɓa, ya shafa shi, ya ce, "To."

Aka cire.

Bayan an sallamo shi, Maman Biyu ta je ta kwaso agogunan mutane a cikin kwano ta kawo gida, aka aika wa masu su. Suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Yana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, auduga a ido, kwanon a gabansa. Mutum ya yi sallama, ya gane muryar, ya sa hannu ya laluba, ya ciro nasa ya miƙa. Bai taɓa kuskure ba. Wasu su yi addu'a, wasu su rasa abin faɗi su ce Allah ya ƙara sauƙi, kamar zazzaɓi ne.

Na ƙarshe wani direba ne, ƙato mai babbar murya, wanda ya daɗe yana kawo masa aiki. Ya durƙusa ya ce, "Haba Mai Agogo, ka riƙe mana. Ni ba sauri nake ba, sai ka warware."

Mai Agogo ya ɗauki agogon ya kara a kunne, ya girgiza shi kaɗan, ya sake karawa. Ya sa farce ya ɓalle murfin bayan.

"Ba abin da ya karye. Datti ne kawai ya riƙe shi. Aikin da kafin ka sha ruwa na gama." Hannunsa na dama ya tashi yana neman wani abu a gefen tabarma, ya tsaya a iska, ya dawo. Ya mayar da murfin ya danna, ya miƙa. "Ka kai wa wani."

"Wa zan kai wa? Ni kai na sani."

"Duk wanda yake gani. Amma ka gaya masa kada ya cika mai, ɗan kaɗan ake sawa, a bakin allura."

Direban ya karɓa. Ya miƙe, ya goge fuska da hularsa, ya fice ko sallama bai iya yi ba. Mai Agogo bai san ya fita ba, ya ci gaba da yi masa bayanin inda dattin yake.